Na san amsoshin, amma da na zauna gaban kwamfuta sai kaina ya ɗaure

Assalamu alaikum Anti. Ni yarinya ce 'yar shekara 18, a cikin garin Gombe nake. Bara na rubuta JAMB, jarrabawar shiga jami'a, na ci 171, alhali a wajen lesin ban taɓa sauka ƙasa da 240 ba a duk gwajin da ake mana. Karatun jinya nake so. Ranar jarrabawar zaman farko aka sa ni, na kwana ban runtsa ba, da safe kuma ko ruwan shayi na kasa haɗiyewa. A bakin ƙofa na'ura ta ƙi karɓar yatsana sai a karo na biyar, saboda lallen bikin yayata bai gama fita ba. Ina zama sai zuciyata ta fara dukan uku-uku, hannuna yana rawa, yatsuna kamar ana tsira min allura. Tambayar farko na karanta ta sau huɗu ban gane me ake nufi ba. Na saci kallon ta kusa da ni na ga har ta yi nisa, sai hawaye. Da na dawo hayyacina minti 25 sun tafi. Kemistiri canki-canka na yi.

Bana na sake yin rajista. Baba ya ce wannan ne karo na ƙarshe da zai biya, in ban ci ba in haƙura da boko tunda akwai mai nemana. Umma ta ce abin ba banza ba, baki ne ko jifa, tana ta karɓo min rubutu. Yayana ya ce ragwanta ce kawai, wai akwai ƙwayar da abokansa ke sha su daina jin tsoro, zai samo min. Saura mako biyar. Ko tuno ɗakin nan na yi sai cikina ya murɗa. Anti, yaya zan yi kada abin bara ya sake faruwa?

'Yarki daga Gombe

Wa alaikumus salam 'yata. Sannu da ƙoƙari, kuma na gode da kika yarda kika buɗe min cikinki. Zo mu fara da ɗan lissafi, domin ina so ki ga da idonki abin da ya cinye makinki, ki daina zargin ƙwaƙwalwarki. Jarrabawar nan tambaya 180 ce cikin minti 120, Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. In an raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Minti 25 da suka tafi kina kuka, lokacin tambaya 37 ke nan, kusan darasi guda cur, kuma kowane darasi maki 100 ne a cikin 400. Tsakanin 240 da kika saba ci da 171 da kika samu akwai 69. Kin ga lissafin ya fita. Karatunki bai gudu ba, yana nan inda kika ajiye shi. Farkon jarrabawar ne ya kayar da ke, kuma shi ne kaɗai wurin da ba ki taɓa yi wa shiri ba. Kin shekara kina shirya wa tambayoyi, amma minti biyar na farko, daga zama kan kujera zuwa danna amsa ta uku, kin bar su ga sa'a.

Abin da ya same ki a ɗakin nan yana da bayani, kuma sanin bayanin kansa rabin magani ne. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika saƙo ga wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda su saki sinadarin da likitoci ke kira adirenalin. Nan take zuciya ta ƙara gudu, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki na ƙafa da hannu, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya murɗa, fitsari ya matso. Allah ya yi mana wannan ne don gudun tsira, irin na wanda ya yi kiciɓis da kumurci a gona. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance maciji da allon kwamfuta. Shi dai an ce masa akwai haɗari, sai ya shirya ki don gudu, ke kuma zama ake so ki yi ki karanta dogon sakin layi da Turanci. Tsirar allurar da kika ji a yatsu kuwa daga numfashi ta zo. Mai firgita yakan ja numfashi sama-sama da sauri ba tare da ya sani ba, sai iskar kabon da ke cikin jini ta ragu fiye da kima, hakan ya kawo jiri da jin kamar ana tsira allura a yatsu da leɓe. Ke kuma da kika ji haka sai kika ɗauka wani mugun abu ne ke shirin samunki, tsoro ya haifi wani tsoron. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe jimla har a kai ƙarshenta ɗan ƙarami ne, kamar faranti. In tunanin "na shiga uku, me Baba zai ce" ya cika shi, tambaya ba ta da wurin zama. Shi ya sa kika karanta sau huɗu ba ki gane ba.

Ki kuma duba yadda kika isa wurin: ba barci, ba karin kumallo, ga tsayuwa a layi ana kallonki na'ura tana ƙin yatsanki. Ko babban malami aka yi wa haka sai ya daburce. Yanzu kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura, shi ne murɗawar cikin da kike ji in kin tuno ɗakin.

Ba zan yaudare ki in ce akwai dabarar da za ta sa ki shiga ɗakin nan zuciyarki kwance kamar mai zuwa gidan biki ba. Gabanki zai faɗi, na kowa ma yana faɗuwa, har da ta kusa da ke da kika ga tana ta dannawa. Ɗan tsoro ma yana da amfani, yana wartsake mutum ya sa ya kula. Lokacin da nake koyarwa na sha tsaron jarrabawa, kuma na lura da wani abu. Akwai wata yarinya da ba na mantawa, ana raba takarda na ga gefen hijabinta yana karkarwa, ta kama fensir ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ba ta ɗauka ba. Ta kifa takardar, ta ɗora tafukanta a kan cinya, ta runtse ido tana motsa leɓe. Na ƙirga a agogona, bai kai minti biyu ba. Sannan ta sunkuya ta ɗauki fensirinta, ta buɗe takardar, ta tsallake shafin farko gaba ɗaya ta fara daga tsakiya. Na bayanta kuwa, wani yaro mai ƙoƙari sosai, tun kafin a ce a fara ya duƙufa, ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, har takardar ta huje. Su biyun duk sun tsorata. Ita dai ta san abin da za ta yi da tsoron in ya zo, shi kuma bai sani ba.

To abin da nake so ki yi da makonni biyar ɗin nan ke nan: ki haddace farkon jarrabawar kamar yadda kika haddace karatun sallah, har jikinki ya riƙa yi ko da kanki ya ɗaure. Ki tsara shi daki-daki, kada ya canja. Kin zauna, ki dasa tafin ƙafafunki biyu a ƙasa ki ji taurin siminti, ki jingina bayanki, ki sauke kafaɗunki don za ki tarar sun haye kusa da kunne. Ki yi bisimilla da addu'arki. Sai numfashi: ki ja ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu, ki bari ciki ya kumbura ba ƙirji ba, ki sake ta baki kina ƙirga shida ko takwas, kamar mai hura kunu mai zafi a cokali. Sirrin yana wajen fitarwar. Duk lokacin da mutum ya fitar da numfashi a hankali, bugun zuciya yakan ɗan lafa, saboda wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta zuciya da ciki ita ce birkin jiki, kuma dogon fitar da numfashi yana taka ta. Sau biyar ya isa, bai fi minti ɗaya ba. Daga nan ki duba allo ki tabbatar sunanki da hotonki da darussanki ne, ki karanta umarni, sannan ki fara.

Kuma kada ki fara da abin da kwamfuta ta fara miƙo miki don kawai shi ne a gaba. Ana iya tsallakawa daga darasi zuwa darasi. Bara kin tsaya kan tambayar farko kamar an ɗaure ki da ita, alhali makinta bai fi na 'yan'uwanta ba. Ki je darasin da kika fi ƙarfi, ina zaton Bayoloji ne tunda jinya kike so, ki nemi tambayoyi uku masu sauƙi ki amsa. Uku kacal. Da kin ga kin san ta farko, kin san ta biyu, sai ƙwaƙwalwa ta samu hujjar cewa ashe ba maciji ba ne, ta fara sassauta wa jiki. Ki kafa wa kanki doka: duk tambayar da kika karanta sau biyu ba ta buɗe ba, ki wuce, za ki dawo. Wucewa ba faɗuwa ba ce. Sau da yawa amsar takan faɗo miki kina tsakiyar wata tambayar.

Wannan tsarin ba ya aiki in ranar jarrabawa za a fara gwada shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki riƙa yin numfashin nan bayan kowace sallah, minti biyu, tun daga yau, lokacin da hankalinki ke kwance, domin jiki ya saba da hanyar. Sannan aƙalla sau biyu a mako ki zauna cikakken gwaji na awa biyu, a kan kwamfuta ba a takarda ba, kuma in da hali a irin lokacin da za a sa ki. A Gombe ba a rasa wuraren koyon kwamfuta da ke da manhajar tsofaffin tambayoyi, wajen lesin ɗinku ma wataƙila akwai. Ki saba da maɓallan: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya. S kuwa na miƙa aiki ne, ki san inda yake don ki kiyaye shi sai kin gama. Hannun da ke rawa ya fi samun sauƙin danna maɓalli a kan bin kibiya da linzami. Ki saba da kalkuletar da ke kan allo ita ma, tunda ba a shiga da ta hannu, haka agogo da waya.

Ga wata dabara da za ki yi wa dariya, amma ki gwada. Kafin ki zauna gwajin, ki yi tsalle-tsalle ko ki zaga tsakar gida da gudu na minti ɗaya, har zuciyarki ta riƙa bugawa kina haki. A haka za ki zauna, ki dasa ƙafa, ki yi addu'a, ki yi numfashi biyar, ki amsa tambayoyi uku. Kina koya wa kanki ne cewa ana iya amsa tambaya daidai zuciya tana dukan uku-uku. In kin yi haka sau goma, ranar da bugun ya zo da kansa ba zai zama baƙo ba. Za ki ce masa, "Na san ka, zauna mu yi aiki." A gwaje-gwajen ne kuma za ki gane rabon lokacinki, nawa Fiziks ke ci, nawa Turanci ke ci, don kada ki riƙa kallon agogon allo kowane minti. Ki duba shi in kin gama darasi, shi ke nan. Minti biyar na ƙarshe ki ware su don cike duk gurbin da kika bari, tunda ba a rage maki don an yi kuskure, tambayar da aka bari fanko ce asara tabbas.

To in duk da haka abin ya taso a tsakiya fa? Ki ba shi haƙƙinsa. Ki cire hannu daga kwamfuta, ki kalli ƙasa, ki yi numfashin nan. Minti biyu lokacin tambaya uku ne kawai. Bara kin ƙi biyan minti biyu, kika yi ta kokawa da tambayar farko, sai kika biya 25. Irin wannan firgici yana hawa ne ya kai ƙololuwa cikin 'yan mintoci sannan ya sauka da kansa, ba ya dawwama, kuma yakan fi saurin sauka in ba a yi dambe da shi ba. Idonki kuma ya tsaya a allonki. Ta kusa da ke ba ki san ko darussanku ɗaya ba, ba ki san ko canki-canka take yi ba. In kwamfutar ce ta tsaya ko ta mutu, kada ki taɓa komai, ki ɗaga hannu ki kira jami'in da ke wurin, aikinsa ke nan.

Akwai wani bincike da aka wallafa a 2011, na Gerardo Ramirez da Sian Beilock a Jami'ar Chicago ta Amurka. Sun sa ɗalibai su zauna minti goma kafin jarrabawa su rubuta abin da ke damunsu game da ita, sai aka ga masu yawan fargaba da suka yi rubutun sun fi takwarorinsu da ba su yi ba samun maki. Kamar dai sauke kaya ne daga farantin nan da na faɗa miki. Ki yi naki a gida da asuba bayan sallah, da Hausa, yadda ya zo miki: ina tsoron kaza, ina tsoron Baba ya ce kaza. Ki ninke takardar ki bar ta a gida. Kada ki kuskura ki tafi da ita, kowace takarda mai rubutu a jikinki fitina ce a bakin ƙofa.

Sauran shirin ƙananan abubuwa ne, amma su suka haɗu suka kayar da ke bara. Lalle dai a haƙura da shi daga yau har a gama, ko bikin wa za a yi. Hukumar JAMB da kanta ta sha gargaɗi a kansa. In tafin hannunki mai gumi ne, ki goge yatsan a hijabi kafin ki ɗora. Da zarar an buɗe fitar da silif ki fitar da naki, ki ga cibiya da rana da lokaci, ki je wurin da ƙafarki kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ki ga ƙofar, ki san minti nawa Keke Napep ke ɗauka daga unguwarku. In wajen gari aka tura ki, Kumo ko Kashere ko Billiri, a nemi gidan dangi ki kwana can, kada a dogara da motar asuba. Ki rufe littafi tun la'asar. Barcin da ya fi muhimmanci shi ne na makon gaba ɗaya, don haka ki gyara lokacin kwanciyarki tun yanzu. In daren ƙarshe ya ƙi zuwa sosai, ki kwanta kawai ki huta, kada ki mayar da rashin barcin wani sabon abin tsoro. Da safe ki ci abin da cikinki ya sani, kunu da ƙosai biyu ko shayi marar kauri da burodi, ko ba kya jin yunwa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Nescafe da goro da lemukan gwangwanin nan na ƙarin kuzari ki nisance su, aikinsu ƙara wa zuciya gudu ne, ke kuma birki kike nema. Ki sha ruwa daidai, zafin Gombe a wannan lokaci ba wasa ba ne, ki zaga bayi kafin a shiga. A bakin get kuma ki guji dandazon masu buɗe littafi suna "kin karanta kaza? an ce zai fito." Tsoro yana yaɗuwa kamar mura. Ki nemi inuwa ki tsaya ke kaɗai da carbinki.

Yanzu mu zo gida, don na san rabin nauyin da ke ƙirjinki daga can yake.

Maganar Baba ita ce ta fi nauyi, kuma ina ganin ita ce ta mayar da jarrabawar awa biyu ta zama kamar hukuncin rayuwarki duka. Kada ki ɗauke shi maƙiyin karatunki. Mutumin da ya biya rajista sau biyu, ya biya lesin, a wannan tsadar, ba ya ƙin ki yi boko. Ya gaji ne, yana tsoron kuɗi su yi ta tafiya shekaru suna wucewa, kuma wataƙila a ganinsa in ya tsananta za ki ƙara himma. Iyaye maza da yawa haka suka san ƙarfafa gwiwa. Bai san cewa ke himma ba ta yi miki ƙaranci ba, tsanantawar ce ma ke ƙara ɗaure ki. Na tabbata 171 kawai ya gani, ba a taɓa zaunar da shi an ba shi labarin minti 25 ɗin nan ba. Ki nemi wanda yake jin maganarsa, Umma ko wata gwaggonki ko kawunki, ku same shi lokacin da ya huta. Ki kai masa sakamakon gwaje-gwajenki, ki ce, "Baba, ga abin da nake ci in hankalina yana kwance, ga abin da ya faru bara, ga kuma shirin da nake yi bana. Alfarma ɗaya nake roƙo, a jingine maganar aure har sakamako ya fito, kuma ka sa min albarka." Ba gardama, ba kuka in kin iya. Ana iya gaya masa kuma cewa a sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba, don ya san ba 'yarsa kaɗai jarrabawar ke wahalarwa ba. Shi aure kuwa ba horo ba ne da za a yi wa wadda ta faɗi jarrabawa, kuma ba ya yiwuwa sai da yardarki. In lokacinsa ya zo, mata nawa ne a Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere suke zuwa aji da goyo? Ana sa ci gaba da karatu cikin sharaɗi tun wajen neman aure, manya su shaida. Amma wannan zancen wata rana ne.

Umma kuma ƙauna ce ke ɗawainiya da ita. Ta ga 'yarta mai ƙoƙari ta dawo tana kuka, dole ta nemi dalili. Ba zan ce ki yi jayayya da ita a kan addu'a ba, addu'a takobinmu ce. Abin da nake jiye miki shi ne ki shiga ɗakin nan da imanin cewa wani ya riga ya ɗaure ki daga nesa, domin duk wanda ya yarda da haka, da zuciyarsa ta buga sau ɗaya zai ce "ga shi nan ya zo," ya saki jiki. Ki tuna Annabi Musa, alaihis salam, da aka aike shi wurin Fir'auna ya roƙi Allah ya buɗa masa ƙirjinsa, ya sauƙaƙe masa al'amarinsa, ya warware ƙullin harshensa. A gaban matsafa ma Alƙur'ani ya ce ya ji tsoro a ransa. In annabi ya ji faɗuwar gaba a ranar gwaji, taki ba alamar jifa ba ce, ba kuma raunin imani ba. Wannan addu'ar tasa da ke cikin Suratu Ɗaha, "Rabbishrah li sadri, wa yassir li amri," ita nake so ki sa a farkon tsarinki, gajeriya ce, tana shiga cikin numfashi ɗaya. Roƙona ɗaya ga Umma: kada a ba ki wani jiƙo ko haɗin da cikinki bai sani ba a daren jarrabawa ko da safenta. Ki kuma ba ta aiki, don uwa in ba ta da abin yi damuwarta a kanki take sauka. Ita ce mai riƙe agogo in kina gwaji a gida, ita ce mai dama kunun safiyar ranar.

Yayanki kam ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Raguwa ba ta cin 240. Ƙwayar da yake magana kuwa, ko sunanta bai faɗa ba, kada ki karɓa. Masu kwantar da hankali irin su Valium suna kawo gyangyaɗi, suna dusashe tunani da riƙe abu, wato dai abin da kika je yi da shi za su ɗauke. Tramadol da ire-irensa kin ga yadda suka yi da samarin unguwanni. Har wadda likitoci kan bayar don rage bugun zuciya tana da haɗari ga mai asma. In yana son taimako, ya kai ki ganin cibiyar, ya raka ki ranar, ya aro miki kwamfuta.

Sai dai akwai inda zan ce ki ga likita da kanki. In bugun zuciyar nan yana zuwar miki ko ba zancen jarrabawa, ko kina yawan haki da jiri da kasala, ko kina ramewa, ko kin yi makonni ba barci ba cin abinci, ki je asibiti a duba ki. Ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a 'yanmata, da matsalar maƙoƙo duk suna sa zuciya gudu, kuma gwajinsu ba wuya. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana da likitocin da ke kula da damuwa da firgici, zuwa wurinsu ba hauka ba ne. In kuma tunani ya taɓa kai ki ga cewa gara ki mutu da ki sake faɗuwa, a ranar ki gaya wa Umma ko wani babba da kika yarda da shi, kada ki kwana da shi ke kaɗai.

Abu na ƙarshe, ki zauna tun yanzu ki rubuta abin da za ki yi in makin bai kai yadda kike so ba. Ba fatan tsiya nake miki ba. Mai ƙofa ɗaya ya fi mai ƙofa uku firgita. Bayan sakamako ya fito ana iya canja makaranta ko kwas. Akwai kwalejojin jinya da na kimiyyar lafiya, akwai shirin IJMB da ke kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye, akwai karatun sharar fage da wasu jami'o'i ke yi. Ki tambayi malamanku na lesin sharuɗɗan kowanne na bana, ki haɗa da wannan a maganar da za ku yi da Baba, don shi ma ya ga ba ƙofa ɗaya ba ce.

Gobe bayan sallar asuba ki fara numfashin, ranar Asabar ki zauna gwajin farko da tsalle-tsallensa. Ki rubuto min nawa kika ci, da kuma minti nawa kika ɗauka kafin ki danna amsa ta uku. Allah ya buɗa miki ƙirji, ya ba ki sa'a, ki gaida Umma.